Bazawara Mai Kyandir Ta Shiga Roba

"Lafiya ƙalau na kwana, sai yanzu da na ga fuskarka idona ya soma ciwo. Shigo mana, ka toge a ƙofa kamar mai karanta mita."

"Ni ma garau na fito, Abue. Tun daga kan kwana na jiyo masifarki, na ce to, tsohuwa ba ta mutu ba. Ina littafin addu'arki?"

"Ji mini ɗan banza! Ko 'yaya gwiwa' babu, sai littafin addu'a? Yaushe ka tuba ban ji ƙararrawar coci ba?"

Haka Ulises da kakarsa Doña Crisanta, wadda yake kira Abue, suke gaisawa tun yana yawo ba wando, kuma a layin nan nasu na garin Puebla ba mai ɗaga kai in ya ji su. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsa, da tukunyar tamal, alalen masara da ake naɗewa a ganye, wadda take kafawa a ƙofar gida kullum safiya. Yau ga shi ɗan shekara ashirin da bakwai, mai gyaran firji, har da gemu, amma a bakinta har gobe bai iya fyace hanci ba.

Sai dai ran wannan Asabar ba wasa ya kawo shi ba. Ƙarfe sha biyu za a rufe rajistar gasar kati a shagon Lencho, kuma wanda ya cinye ta zai tsaya wa garin a babban birni. Wata takwas Ulises ya yi yana haɗa damin katinsa. Kati sittin ne, amma hamsin da taran duk barorin guda ɗaya ne, wadda 'yan wasa ke kira Bazawara Mai Kyandir. An daina buga ta tuntuni, sai da ya ba da kekensa da kwali uku na kati kafin wani ya sakar masa ita. Ta zo a ɗan lanƙwashe, yadda kati mai ƙyalli ke yi in ya sha raɓa, shi ne ran Laraba ya zura ta a tsakiyar littafin addu'ar kakarsa, don bai san wani littafi da ya kai shi nauyi ba, ya ce ta kwana uku ta miƙe. Mai littafin kuwa bai faɗa mata ba. A nan ya tafka wautarsa, ba sai an ɓoye masa ba.

Ya ɗauko littafin daga kan firji, ya kife shi ya girgiza. Waliyyai suka yi ta zubowa ƙasa, mai ɗan rago, mai makullai, mai tsintsiya, kowanne a liƙe cikin roba yana sheƙi. Bazawara ba ta faɗo ba.

"Kai! Kai! Bayin Allah kake watsarwa kamar tsabar kaji?"

"Abue, akwai wata a nan. Mace ce, da baƙin mayafi, da kyandir a hannu."

"Au, sabuwar? Tana wajen kakanka."

Gabansa ya faɗi, don kakan nasa, Don Nicanor, shekararsa tara a ƙasa. Ya waiga a hankali wajen teburin mamata da aka riga aka shirya a falo, tunda bikinsu ya matso: furanni ruwan ɗorawa, burodi, kwalbar giyar mezcal, hoton tsohon da hularsa, hoton uwarsa Rosalba tana dariya. A tsakiyarsu ga Bazawara a jingine. An liƙe ta cikin roba mai kauri, an daddatse kusurwoyin da almakashi, an huda ta daga sama an zura jan zare. Kyandir na gaske yana ci a gabanta.

Ulises ya ƙwalla ƙara. Har karen maƙwabta sai da ya amsa.

"Me kika yi mata?"

"Gata na yi mata. Na kai ta shagon fotokofi tare da katin fanshona, aka yi musu lamineshin. Hudar ma kyauta yarinyar ta yi mini. Rigakafi ya fi magani."

"Gyaran gangar Auzinawa! Kin kashe ni, tsohuwa, kin kashe ni da raina! Wane alƙalin wasa ne zai bar wannan allon ya shiga dami? Ta fi sauran kauri sau uku, makaho ma in ya shafa zai zaro ta. Maguɗi za a ce na yi, a kore ni ana yi mini ihu!"

"To a ɓare mana. Kai ba makaniki ba ne?"

"In aka ɓare, fuskarta za ta bi robar! Hudar fa? Da ƙullun tamal zan toshe?"

"Ka rage murya, kana gaban manya. Kuma ka daina cewa 'ta lalace' a gabanta, tana jinka. Tun ran Alhamis da na ɗora ta a nan gwiwata ta daina ciwo. Tamal kafin ƙarfe tara ya ƙare, kwana uku a jere. Eufrosina ta nan bayanmu ta zo ta sumbace ta, da yamma ɗanta da ya shekara biyu bai kira ba ya bugo waya daga arewa."

"An sumbace ta?"

"Sau biyu. Fada ma ya yayyafa mata ruwan albarka."

"Ruwa? An zuba wa katina ruwa?"

"Ka ga amfanin robar ke nan. Da ba don ni ba da ta jiƙe."

Ulises ya dafe kai da hannu biyu ya zagaya falon. Takaici ya cika shi, irin wanda ba ka san ko kuka za ka yi ko ka ciji wani ba.

"Ba waliyyiya ba ce, Abue! Katin wasa ne! Wani mai zane ne ya zauna ya zana ta, ga sunansa ma a ƙasa!"

"Sauran waliyyan fa, daga sama hotunansu suka faɗo?"

"Ga rubutu a jikinta ɓaro-ɓaro, ba ki karanta ba?"

"Na ga rubutu, na ɗauka addu'a ce da Latin."

"Turanci ne!"

"Oho! Wa ya ce zai kai tabarauna gyara tun Ista? Laifi tudu ne, malam mai firji, ka taka naka kana hango nawa. Wa ya aike ka cusa gunki a littafin addu'ata? Duk wanda ya kwana a littafin nan roba yake shiga, doka ce. Hoton kakanka kwana biyu ya yi a ciki, je ka shafa shi ka ji. Ni da na gan ta har hawaye na yi, na ce Ubangiji ya ji kukana, jikana ya dawo hanya, kunya ce ta hana shi faɗa. Ashe ƙaton banza ne ya mai da mini littafi dutsen guga."

"Da na san haka da a ƙarƙashin gindinki na sa ta, ya fi littafin nauyi."

"Da ka dawo ka tarar ta ƙyanƙyashe. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jiya ina kake?"

"Ina gyara firjin mahauta, don in sami kuɗin motar zuwa jana'izarki."

"Ajiye abinka, ni zan binne ka. Da wannan haƙarƙarin naka ko akwati ba sai an saya ba, kwalin takalmi ya isa." Ta koma kicin ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya tashi. "Nawa ne ma katin naka? Sittin? Ka je da hamsin da tara, wa zai ƙirga? Ni in tamal ɗaya ya fashe ba na tashi daga kasuwa."

Wannan maganar ce ta ƙarasa shi. Ya biyo ta, ya ture ganyen masara gefe, ya zazzage damin a kan tebur yana baje su.

"Zauna ki ga abin da kika rusa. Ki ga waɗannan ashirin? Mahaƙa ne. Ba sa faɗa, ba sa tsare gida, aikinsu kawai su tona damin su nemo mini ita. Waɗannan sha biyar kuma mahauta ne, su ke yanka dakaruna su tura maƙabarta."

"Wace maƙabarta kuma?"

"Gefen tebur, inda ake tara katin da ya mutu. Sauran kuma ƙartai ne, dodanni, masu tsadar fitowa. In ka bi ta hanyar da kowa ke bi, kafin ka fito da ɗaya an gama da kai. Don haka ni zubar da su nake yi da gangan. Abokin karawa yana kallona yana dariya, ya ɗauka na haukace. Zagaye na biyar sai ta fito, ta kunna kyandir, duk wanda ke maƙabarta ya miƙe lokaci ɗaya. Duka ɗaya, wasa ya ƙare."

"Tsaya. Wato kai da hannunka kake yanka mutanenka?"

"Eh."

"In ba ta zo ba fa?"

"Sai in mutu."

"Tabɗi! Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Wata takwas kana wannan? Kakanka da karta ya cinye akuya biyu a hannun surukinsa, kai kuma ka ba da keke don ka koyi kashe kanka. Wane sakarai ne ke kafa rumfa da ƙafa ɗaya?"

"Wanda kakarsa ta ciyar da mutum bakwai da tukunya ɗaya."

"Tukunyata tana nan, ba abin da ya same ta."

"Don ba ta shiga injin lamineshin ba ne! Da tana shiga da tuni kin kai ta, kin huda mata ƙeya!"

Doña Crisanta ta ɗaga ludayi za ta rama, sai ta tsaya. Idonta ya wuce ta kafaɗarsa zuwa falo, inda kyandir ke ci tsakanin hotuna biyu.

"Ka ce duka take tayarwa?"

"Duka."

"Ba ta zaɓe? Wanda ya daɗe da wanda bai daɗe ba?"

"Ba ta barin kowa, Abue."

Ta tsaya tana kallon hotunan har tukunya ta soma ƙauri. Sannan ta ja tsaki ta rage wuta. "To gara da na rufe ta a roba. Ta tado mini kakanka, ya zo yana tambayar ina na kai rediyonsa."

Ulises bai yi dariya ba. Ya zauna a kujera yana tattara katinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma da ya yi magana muryar ba ta faɗa ba ce.

"Shekara uku ana fitar da ni a zagayen farko. In na shiga shagon cewa suke, ga mai firji ya kawo mana sanyi. Kowa kwafar daminsa yake yi daga waya. Wannan ni na ƙirƙire shi, Abue, da kaina, ba wanda ya taɓa haɗa irinsa. Abu ɗaya ke nan da na taɓa yi wanda ba gyaran na wani ba ne. Yau nake so su gani."

Zagi tsohuwar ta iya ramawa tun kafin a haifi uwarsa, amma wannan ba ta da makamansa. Tausayinsa ya kama ta, kunya ta biyo baya, kuma da yake ba ta saba da su ba sai suka fito mata a faɗa. Ta dubi agogon bango, ƙarfe goma da rabi.

"Miƙe, kana zubar mini da majina a ganye! Duk faɗin Puebla ita kaɗai ce bazawara?"

"Akwai ɗaya, a akwatin gilashin Lencho. Ba ya sayarwa, ba ya ba da aro. Gilashin ma in ka huce a kai sai ya goge."

"Wane Lencho? Florencio ɗan Petra, mai kunnuwan nan?"

"Shi."

"Yesu da Maryamu! Shi ne kake zaune kana mini zaman makoki? Ni na riƙe yaron nan ran baftismarsa, ya tsula wa Fada fitsari har cikin takalmi. Ba ni wayar."

"Abue, kada ki ƙara kunyata ni."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Danna mini, ba na gani."

Ya danna. Ta riƙe wayar nesa da baki tana ihu, yadda ta saba.

"Florencio? Uwar baftismarka ce. Eh, ina raye, da ka zo gaisuwa da ka sani. Akwai wata mata da ka kulle a gilashi, ina son aronta yau ɗaya, jikana zai yi aiki da ita." Ta saurara, fuskarta ta soma ɗaurewa. "Ba ta fita? Ni kake faɗa wa ba ta fita? Wa ya ɗinka maka farar riga? Wa ya ɓoye ka a ƙarƙashin gado ran da ka fasa gilashin motar ubanka?"

Ulises yana jin muryar Lencho ƙasa-ƙasa, yana ta ba da haƙuri, yana rantsuwa da duk waliyyan coci cewa ransa ma in ta ce zai ba ta, amma ban da katin. Ulises ya miƙa hannu zai karɓi wayar, ta buge hannun.

"To na ji. Ba ni matarka."

Doña Crisanta ta gyara tsayuwa, ta goge hannu a zane.

"Maribel? Shekara nawa kina bina in faɗa miki yadda nake haɗa miyar mole? Sha biyu. To gobe bayan coci ki zo da biro da takarda. Eh, da bakina na faɗa. Amma kafin sha biyun ranar nan ina son matar gilashin nan a hannun Ulises. Mijinki ya ce ba ta fita." Ta saurara, sai murmushin mugunta ya kufce mata. "Na san za ta fita, 'yata. Sai goben."

Ta ajiye wayar. Ulises ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Mole ɗin nan shi ake layi a kansa duk biki. Matan 'ya'yanta uku sun yi kuka a kansa ba ta ba su ba, matar wani mai otal ta zo da mota har ƙofa ta koma hannu rabbana, kuma duk unguwa an ji ta rantse da shi za a binne ta.

"Abue, mole ɗin?"

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

"Kin ce sai dai a tona kabarinki."

"Na huda maka mata, na biya diyya. Ko kana so in durƙusa ne, gwiwar da ta warke ta sake tashi?" Ta juya masa baya tana tsamo tamal. "Kuma kada ka ɗauka na haukace. Kayan haɗi talatin da ɗaya ne. Talatin zan ba ta."

"Haba, tsohuwa!"

"Kai ka koya mini yanzun nan. A bar mutum da hamsin da tara, ya yi ta juyawa. Za ta yi miya mai daɗi, mijinta ya lashe kwano, amma ba za ta zama tawa ba. Matso da kunnenka."

"Ni?"

"Wa kuma? Ina da wani sakaran da ya san darajar abu ɗaya? Ba da daɗewa ba za ka ɗora hotona a teburin can, ba na so a liƙe sirrin tare da ni a roba."

Ya sunkuya, ta raɗa masa. Ya ɗago ido waje.

"Shi ke nan? Tortilla, wainar masara ɗaya da aka ƙona ƙurmus? Shekara hamsin kina ɓoyon ƙonannen abinci?"

"Wata takwas kana bautar kwali, na ce maka wani abu?"

Ya yi ƙoƙarin riƙe dariyar, ta ƙwace masa. Dariya ta kama shi har ya dafa bango, hawayen da ya ɓoye ɗazu suka sami hanya suka bi ta. Ta ƙunshe tamal huɗu a leda ta cusa masa a jaka kan damin, ya yi ihu ya raba su, ta ce ai da ya bari ta yi wa sauran ma lamineshin da maiƙo bai dame shi ba.

A falo ya tsaya gaban teburin. Ya ɗauki Bazawara ta jan zaren, ya juya ta, ya ga tambarin leɓen Eufrosina a kan robar. Tsohuwar tana bakin ƙofar kicin, idonta yana kan hannunsa. Ya goge robar da gefen riga, ya mai da ita inda take, ya ɗan ƙara matsar da ita jikin hoton uwarsa.

"Na bar miki ita, Abue. Kin ci. In ta tashe su ki kira ni."

"In ta tashe su, uwarka ce za ta fara zuwa shagon ta ja kunnenka a gaban mutane. Wuce, sha ɗaya ta gota! Kuma in aka fitar da kai a zagayen farko kada ka biyo ta layin nan, na riga na faɗa wa Eufrosina waliyyiyar ba ta faɗuwa."